Ƙarfin murɗa, rinjaye da tukwici: me ya haɗa su a littafin feloda?

"Assalamu alaikum Injiniya, barka da aiki. Ni ɗan koyo ne a wani garejin manyan motoci a nan Gombe, wajen Tumfure. Maigidana ya ba ni littafin wata feloda, motar nan mai bokiti a gaba da ke kwasar yashi ta zuba a tifa, ya ce in duba masa yadda ake ɗaure notin taya, sai na sa shi a manhajar fassara ta waya. Akwai kalmar da ake karantawa 'tok', ta ce min wai 'ƙarfin juyi' ne. Akwai wata kuma 'tifin', a wani shafi ta ce 'karkata', a wani shafin ta ce 'tukwici', har da wai 'nauyin tukwici kilo 12,000'. Shin juyi da karkata ba abu ɗaya ba ne? Kuma me ya kawo tukwici cikin littafin inji? Allah Ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya yi wa sana'a albarka. Tambayarka biyu ce a ɗaure wuri guda. Ta farko ta harshe ce: me ya sa kalma ɗaya ta fito da karkata a nan, ta fito da tukwici a can. Ta biyu ta aiki ce, kuma ita ce mai nauyi: mene ne bambancin ƙarfin da ke juya noti ko taya da abin da ke sa mota ta karkata har ta kife. Bari mu sallami ta farkon, domin ba ta da wuya.

Tukwicin nan kuskuren manhaja ne

Kalmar "tif", wadda "tifin" ta fito daga cikinta, a Turanci tana da fuska da yawa. Tana nufin tsinin abu, kamar tsinin haƙoran bokitin felodar da kuke gyarawa. Tana nufin 'yar shawarar da gwani ke ba ɗan koyo. Tana nufin kuɗin da ake ba ma'aikaci bayan an biya kuɗin aiki, kamar yadda a gidajen abinci na Amurka aka saba ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ga wanda ya kawo abincin. Sannan tana nufin karkatar da abu har ya zubar da abin da ke cikinsa, ko shi kansa ya faɗi. Daga wannan ma'ana ta ƙarshe muka samo sunan tifa, motar da ke ɗaga bodinta ta juye yashi. Manhajar ba ta san littafin inji take karantawa ba, sai ta ɗauko ma'anar da ta fi yawo a intanet ta miƙa maka.

Ko a Hausar ma fassarar ba ta zauna daidai ba. Tukwici a wurinmu abin da ake ba ɗan aiken da ya kawo kyauta ne, ko wanda ya kawo albishir. Ba la'adar dillali ba ce, ba kamashon ɗan tasha ba ne, ba kuma gyaran da mai awo ke ƙara maka a kan mudu ba ne. Duk inda ka ga wannan kalma a littafin inji tare da kilo a gefenta, share tukwici ka sa "rinjaye". Abin da shafin ke cewa shi ne: nauyin da in aka zuba a bokiti, zai rinjayi felodar har tayoyin baya su bar ƙasa.

Ƙarfin murɗa

Shi "tok" asalinsa daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin murɗawa, shi ya sa na fi son a ce ƙarfin murɗa a kan ƙarfin juyi. Noti na iya ƙin motsi sam, babu juyi ko kaɗan, alhali kana murɗa shi da iyakar ƙarfinka. Ana samun sa ne ta hanyar ninka abu biyu: ƙarfin da ka danna da shi, da tsawon da ke tsakanin hannunka da tsakiyar abin da kake murɗawa. Ma'auninsa niwton-mita, ana rubuta shi Nm. Nauyin kilo ɗaya yana danna ƙasa da kusan niwton 9.8, ka ce 10 don sauƙin lissafi a gareji.

Ɗauki notin tayar ƙaramar mota. Littafin Toyota Corolla yana ba da Nm 103. Idan sifanarka tsawonta santimita 30 ne, kana buƙatar danna ƙarshenta da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 35, wato hannu biyu na baligi sun isa. Yanzu dubi abin da ake yi a wajen masu faci: a zura fayif mai tsawon mita ɗaya a wilsifana, yaro mai kilo 70 ya hau kai ya yi tsalle. Ko bai yi tsallen ba, tsayuwarsa kawai ta ba da Nm 686, fiye da ninki shida na abin da aka ce. Daga nan kusa ke miƙewa ta sirance, haƙoranta su cinye, faifan birki ya lanƙwashe, rannan kuma a shiga rami a hanyar Bauchi kusoshi biyu su tsinke, a ce kayan jabu ne. Amma wannan fayif ɗin da yaron a kansa, a tayar tirela mai kusoshi goma, bai yi nisa da daidai ba, domin irin waɗannan notuna suna neman wajen Nm 600. Ka ga ashe "ɗaure shi tamau" ba awo ba ne. Fulogi kuwa Nm 20 zuwa 30 ya ishe shi, wanda ya wuce haka yana neman cinye haƙoran kan inji.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ba murɗawar ce ke riƙe taya ba. Murɗawar tana ɗan miƙar da kusa ne kamar roba, jan da kusar ke yi don ta koma yadda take shi ne ke matse rim. A busasshiyar kusa, wajen kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da ka sa yana ƙarewa ne a gogayyar haƙora da ƙasan noti, kashi 10 kacal ke miƙar da ita. Saboda haka in littafi ya ba da lamba don busasshiyar kusa, kai kuma ka shafa giris ko baƙin mai, gogayya ta ragu, lambar nan guda za ta ja kusar fiye da ƙima. Tsatsa da yashi kuma akasin haka suke yi: sifanar awo, wadda ake saita wa lamba ta yi ƙas in murɗa ta kai lambar, za ta yi ƙas ɗinta alhali tayar ba ta matsu ba. A goge haƙora da burushin waya, a duba ko littafin ya ce a shafa mai ko kada a shafa. A ɗaure notuna a gicciye, wannan sannan na daura da shi, a zagaye biyu ko uku ana ƙara lamba. A ja sifanar awo a hankali daga mariƙinta, da ta yi ƙas a tsaya, kada a ƙara "na tabbatarwa". In an gama a mayar da ita ƙaramar lambarta kafin a ajiye, kuma kada a kwance noti da ita. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notunan.

Wasu littattafan ba Nm suke rubutawa ba. Na Amurka sukan yi amfani da ƙafa-fam, kowane ɗaya daidai yake da Nm 1.356. Tsofaffin na Japan sukan rubuta kilo-mita, kowane ɗaya Nm 9.8. Wanda ya karanta 76 na ƙafa-fam ya saita sifanarsa a Nm 76 ya bar taya a sake.

A ɓangaren inji ma abin ɗaya ne, sai dai a nan injin ne ke murɗa sanda. Babur ɗin acaɓa yana ba da kusan Nm 8, ƙaramar mota wajen 150, kan tirela yakan kai 2,000. Giya kuwa fayif ce a wata siffa: tana ninka murɗa ta rage gudu. Ka ce inji ya ba da Nm 150, giya ta ɗaya ta ninka sau 3.5, bakasil ya sake ninkawa sau 4, abin da ya isa tayoyi ya zama Nm 2,100. Raba shi da rabin tsayin taya, santimita 30, wato mita 0.3, ka sami turi na niwton 7,000 a kan kwalta. Shi ya sa direban da ya ɗauko siminti daga Ashaka yake sauko da giya kafin ya fara hawa tudu, ba sai motar ta fara shaƙewa a tsakiya ba. Kada kuma a rikita wannan da ƙarfin doki. Ƙarfin doki murɗa ce haɗe da saurin juyawa: ninka Nm da juyin inji a minti ɗaya, ka raba da 9,550, ka sami kilowat. Injin da ke ba da Nm 2,000 a juyi 1,200 yana fitar da kilowat 251, wajen doki 337.

Karkata, rinjaye, kifewa

Waɗannan matakai ne guda uku, kuma Hausa ta raba su sarai. Karkata ita ce jirkicewar abu daga tsaye, ana auna ta da digiri, kuma abu na iya karkata ya zauna a haka shekara da shekaru, kamar tsohuwar katanga. Rinjaye shi ne lokacin da nauyi ya tsallake iyaka, babu komowa. Kifewa kuma sakamako ne.

Kowace mota tana da wani wuri da za a ce duk nauyinta ya taru, shi ake kira cibiyar nauyi. Ka ɗauka an rataya igiya da dutse daga wannan cibiya. Muddin dutsen yana sauka a cikin filin da tayoyi suka kewaye, motar za ta dawo ta zauna ko da ta karkata. Da ya sauka a waje da layin tayoyi, an gama.

To a nan ne tunaninka ya yi gaskiya rabi. Rinjaye ma murɗa ce, kuma da lissafi guda ake gane su: ƙarfi sau tsawo. Bambancin yana wurin da abin ke juyawa a kai, da kuma wanda ya so hakan. A noti ko taya, juyin yana kan tsakiyar da maƙeri ya tanada, kai ne kake sa ƙarfin da gangan. A rinjaye, motar gaba ɗaya ce ta zama sifana, gefen tayar da ke ƙasa ya zama tsakiyar juyi, nauyi da gudu ne kuma ke dannawa ba tare da sun nemi izininka ba. Kuma kullum murɗa biyu ce ke kokawa: wadda ke son kifar da motar, da ta nauyinta da ke son zaunar da ita.

Mu koma kan felodarku da lambobin misali. Tsakiyar juyi a nan aksil ɗin gaba ne. A ce nauyinta kilo 15,000, cibiyar nauyinta kuma tana mita 1.6 a bayan aksil ɗin. Murɗar da ke zaunar da ita 15,000 sau 1.6, wato 24,000. Idan tsakiyar lodin bokiti tana mita 2 a gaban aksil, lodin da zai yi kunnen doki da wannan shi ne kilo 12,000. Irin lambar da ka gani ke nan. Littafin yakan ba da biyu: ɗaya in felodar tana miƙe, ɗaya in an karya ta kwana har ƙarshe, ta biyun kullum ta fi ƙanƙanta domin nauyin baya ya kauce gefe. Kuma babu ɗaya daga ciki da ke nufin lodin aiki. Ƙa'idar da masu ƙera feloda mai taya ke bi ita ce lodin aiki kada ya wuce rabin lambar ta kwana. In ta kwana 10,500 ce, lodin aiki 5,250 ne. Rabin da aka bari na birki ne, da rami, da gangare, da girgizar bokiti yana sama.

Ga inda ake faɗawa. Bokiti mai cin kubik mita uku, in busasshen yashi ne wajen kilo 4,800 zai ɗauka, lafiya lau. Yashin da aka kwaso daga rafi da damina, yana ɗigar ruwa, wannan bokitin dai zai kai 5,700 zuwa 6,000. Ido bai ga bambanci ba, sikeli ya gani. Shi ya sa ake tafiya da bokiti ƙasa-ƙasa, ba a ɗaga shi sai an iso jikin tifa, kuma ba a juya sitiyari da ƙarfi yana sama.

A titi, kifewa ta gefe ce ta fi yawa, kuma lamba biyu ke yanke hukunci: faɗin da ke tsakanin tayoyin hagu da dama, da tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa. Raba rabin faɗin da tsayin. Ƙaramar mota mai faɗin mita 1.5 da cibiya a santimita 55 tana ba da 1.36, shi ya sa a kwalta takan zame kafin ta kife. Babbar mota mai faɗin mita 2 da aka yi wa lodi har cibiyarta ta kai mita 2 tana ba da 0.5 a takarda, a zahiri kuma ƙasa da haka, wajen 0.35, domin sifirin da tayoyi suna lotsawa bodi ya ƙara jirkicewa. Ma'anar 0.35 ita ce, turi daga gefe da ya kai kashi 35 cikin ɗari na nauyin motar ya isa ya ɗaga tayoyinta. A shataletale mai tazarar mita 30 daga tsakiya, gudun kilomita 20 a awa yana haifar da turin kashi 10 kacal. A ninka gudun zuwa 40, turin ba ninki biyu zai yi ba, huɗu zai yi, ya kai kashi 42. Direban ba zai ce yana gudu ba, kuma da gaskiyarsa, amma motar ta riga ta wuce iyakarta.

Saboda haka nauyin kaya kaɗai ba ya gaya maka komai. Buhun siminti 600, tan 30 ke nan, suna kwance a ƙasan bodi. Motar da ta ɗauko gawayi ko ƙaiƙayi ko auduga ba ta kai rabin wannan nauyi ba, amma an jibga kayan har sun wuce kan direba, a sama kuma ga mutane da babura. Ta biyun ce za ta riga kifewa a kwanonin hawan Tula. Tankar da ba ta cika ba ita ma da nata, domin man yana gudu ya taru a gefen waje daidai lokacin da ba a so. Keke napep kuwa filinta ba murabba'i ba ne, kusurwa uku ne, yana tsukewa zuwa tayar gaba. Fasinjan da aka ɗora kusa da direba yana jawo cibiya gaba, inda filin ya fi ƙunci, kuma zuwa gefe guda. A haɗa da taka birki a cikin kwana, shi ke nan. Ita tifa mafi haɗarin lokacinta shi ne tana tsaye cik, bodi a sama. Cibiya ta hau mita da yawa, 'yar karkatar da ba ta kai a kula ba a ƙasa ta zama babba a can sama, musamman in jiƙaƙƙen yashi ya manne a gefe ɗaya ya ƙi zubowa. A daidaita ta a ƙasa mai tauri kafin a ɗaga, kan da bodi a layi ɗaya, kuma kada a ja ta gaba da fizga wai don a kakkaɓe ragowar.

Inda biyun suke haɗuwa

Tarakta ce ke nuna dangantakar a fili. Inji yana murɗa aksil ɗin baya don tayoyi su juya. In tayoyin suka kafe, a taɓon fadamar shinkafa irin ta Dadin Kowa, ko an ɗaura musu gungume wai don su fita, murɗar ba ta ɓacewa. Tunda taya ta ƙi juyawa a jikin tarakta, sai tarakta ta juya a jikin taya: gaba ya tashi sama ta faɗo ta baya a kan direba. Cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa take kai wa inda ba komowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kai ƙasa, ƙafa ba ta isa kulochi ba. Haka yake faruwa in an ɗaura sarƙar ja a sama da aksil maimakon a sandar ja ta ƙasa da aka tanada. Tarakta in ta kafe, da baya ake fara gwada fitar da ita, domin a giyar baya murɗar tana danna gaban ne ƙasa. Yaran da ke ɗaga tayar gaban babur a gidan biki wannan abin suke yi da gangan, da Nm 8 ɗinsu.

Yadda za ka raba su a shafi

Dubi ma'aunin da ke gefen lambar kafin ka yarda da fassara. Nm, ƙafa-fam ko kilo-mita, maganar murɗa ce. Kilo ko tan kusa da waccan kalma, lodin rinjaye ne. Digiri yawanci karkata ce, kamar iyakar gangaren da injin zai iya aiki a kai ko yadda bokiti ke kifuwa don zubar da kaya. Akwai tarko guda: a ɗaurin kan inji za ka ga an ce, misali, Nm kaza sannan a ƙara digiri 90. Wannan digirin ba karkata ba ce, juyin da za ka ƙara wa kusar ne bayan sifanar awo ta yi ƙas, rubu'in zagaye, kuma irin waɗannan kusoshi da yawa ba a maimaita amfani da su. In kuma ka ga kalmar a jerin kayan gyara tare da lambar kaya da adadi, tsinin haƙoran bokiti ake nufi, waɗanda ake cirewa a sauya in sun cinye.

Lissafin da na yi a sama na ƙasa shafaffiya ne mai tauri, da mota mai lafiyayyun tayoyi, kuma lambobin felodar na misali ne don ka ga yadda ake fitar da su. Taya ɗaya mai ƙarancin iska, ko bokitin da aka yi wa ƙarin ƙarfe a wajen mai walda, ko ƙarfen nauyin baya da aka cire, kowannensu yana sauya lambar rinjaye, kuma littafi bai san an yi su ba. Game da notin tayar da maigidanka ya aike ka nema, lambar ta dogara da kaurin kusa da ƙarfin ƙarfenta, don haka ka haɗa lambar samfurin da ke kan farantin jikin felodar da wadda ke bangon littafin ka tabbata sun zo ɗaya, sannan ka buɗe babin tayoyi ka nemi layin da ke da Nm a gefensa. Ka gaishe min da maigidan naka.